Rigar Ƙarshe da Yaya Sani Ya Zana

Tun da muka kawo injin kwamfuta shagon nan, da wuya mako ya wuce wani yaro bai zo ya tsaya a bakin ƙofa ba. Zai zuba wa allura ido tana gudu ita kaɗai, can sai ya ce a ɗauke shi aiki. In na tambaye shi abin da ya iya, sai ya ce, "Baba, ai danna maɓalli ne." Ba na jin haushinsu. Ni ma ranar da na fara ganin injin abin da na faɗa ke nan. Rabi, 'yar wana, ita ta ce in rubuta muku yadda aikin yake, tunda in na fara bayani da baki idonku na kan waya. Karatuna bai yi nisa ba, don haka zan faɗa yadda na iya.

Sunana Idi. A nan Wudil aka haife ni, kuma aikin allura a babbar riga shi ne sana'ata tun ban fara azumi ba. Mahaifinmu ya kai ni da wana, Yaya Sani, zauren wani dattijo da ake kira Malam Ɗanjuma. Kayan aikin ba su da yawa: allura, zare, ɗan almakashi, guntuwar fata da ake naɗawa a yatsa, sai tabarma. Abu na farko da aka koya mini wanke hannu ne. Farar shadda ba ta yafe gumi, kuma in ta sha dauɗa a ƙarƙashin zare babu wankin da zai fitar. Na daɗe a kan ƙyalle kafin a bari in taɓa rigar mutum. In na gama na miƙa wa Malam, ba ya kallon fuskar aikin. Juyawa yake yi ya dubi bayan. In ya ga ƙulli ko zare ya yi tsalle, sai kawai ya miƙo mini almakashi in warware.

Babbar riga ba aikin mutum ɗaya ba ce. Akwai mai zane, akwai mai bin zanen da allura, sannan a kai wa mabuga su buge ta ta yi sheƙi. Ni allura ta karɓe ni. Yaya Sani zane ya karɓe shi. Da alƙalamin kara yake yi, da tawada da yake tsinkawa da ruwa don kada ta ci yadi. Ba ya aiki da takarda. In mai riga ya zo, sai ya ce masa ya miƙe tsaye, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, suna ta hirar gero da farashin shanu. Mutumin na tafiya sai ya shimfiɗa shadda a gwiwa ya fara. Askoki, waɗannan dogayen masu tsini da ke saukowa daga kafaɗar hagu zuwa aljihu, da tambari, wato zagayen da ke ƙirjin dama da baya, duk daga kansa suke fitowa. Ta dogon mutum daban, ta mai tumbi daban. Ni kuma in zauna in rufe layinsa da zare. Duk abin da ya zana a rayuwarsa, ni na binne shi da hannuna, don haka aikin yake. In riga ta kammala ba a ganin tawada ko ɗigo.

Masu kawo mana aiki manoma ne daga Kausani da Ɗankaza da Lajawa, bayan kaka in an sayar da amfani, da fataken shanu da ke zuwa kasuwar Juma'a. Da aka buɗe jami'a sai malamanta suka ƙaru. Mutum zai kawo shadda da rani ya karɓa dab da Babbar Sallah, bai ga an daɗe ba.

Aikin da ya fara nuna mini an sami canji na wani malamin jami'a ne, mutumin kirki, ya saba da mu. Ya zo da shadda ruwan toka, ya ciro waya ya nuna mana hoto.

"Malam Idi, irin wannan nake so. Jibi zan tafi ɗaurin aure."

"Jibi wace shekara, ranka ya daɗe?" in ji Yaya Sani.

Malamin ya yi dariya, ya ce a Kano yini guda ake yi, inji ne mai kwamfuta. Muka ba shi haƙuri, ya naɗe shaddarsa ya tafi. Ba a jima ba na ga rigar a jikinsa a masallaci. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau daga nesa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekararmu. Shadda ta yi tsada, zare ya yi tsada, wanda ya samu ya saya kuma ba ya son jira. Yaran da ke koyo a wurinmu suka watse, wani ya koma acaɓa, wani ya kafa laima yana cire wa mutane kuɗi da ɗan inji. Ban ga laifinsu ba. Azumi ya zo, lokacin da a da ba mu da wurin ajiye shadda, muka zauna muna kallon titi. Na koma gyaran wuyan tsofaffin riguna da bakin hula. Yaya Sani ya riƙa zana wa mata furanni a zanen gado. Wani ya ba mu shawara mu je mu ga injin nan a Kano, na ce ƙafata ba za ta taka ba.

Da damina Yaya Sani ya kwanta. Bai daɗe ba. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa ya huta.

Bayan an share makoki na buɗe shago. A kan kanta na tarar da farar shadda a ninke. Na warware, sai ga zane cikakke, aska takwas da tambarinta gaba da baya, ko allura ɗaya ba a soka ba. Ta Alhaji Garba ce, wani manomi a Lajawa, abokin Yaya tun suna yara. Ya kawo ta ne don ɗaurin auren babban ɗansa da za a yi bayan kaka. Na duba ko'ina a shagon da gida. Babu wani zanen. Duk duniya wannan kaɗai ya rage da ake iya ganin layin hannunsa.

Ni ban iya zane ba. Shekara da shekaru ina bin layi, ban taɓa fitar da nawa ba. In na ɗinke wannan rigar, zanen ya tafi, kuma duk wanda ya kawo shadda gobe ba ni da abin da zan bi. Na samo takarda marar kauri na ɗora a kai na gwada kwafa. Abin da ya fito kamar yaro ya yi wasa da gawayi. Ko da ya yi kyau ma, wa zai mayar da shi kan yadi daidai jikin wani mutum?

Alhaji Garba ya zo ranar kasuwa. Bayan mun gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya, ni ma na yi masa. Sannan na ce masa ya bar mini wannan shaddar, zan sayo masa wata in kai Kano a yi masa aiki mai kyau.

"Idi, ka taɓa ganina da rigar inji?"

"Ban taɓa ba, Alhaji."

"Sani ne ya zana rigar da na sa ranar aurena. Na ce masa shi zai zana wadda zan sa a auren ɗana, ya kuma cika alkawari. Kai ne za ka hana?"

"In na ɗinke ta, shi ke nan, babu sauran zanensa."

Ya daɗe yana kallon shaddar. Ya ce, "Ni dai ba zan sa tawada in je gaban surukai ba. Ka san yadda za ka yi. Kaka ta kusa."

Gaskiyarsa ce. Shaddarsa ce, abokinsa ne.

Rabi ita ce babbar 'yar Yaya Sani. Ta yi karatun kwamfuta a jami'ar garin nan, a lokacin tana buga wa ɗalibai takardu a wani shago kusa da makarantar. Ta shigo kawo mini abinci ta same ni na shimfiɗa rigar ina kallo. Na gaya mata yadda muka yi da Alhaji.

"Baffa, a sa shi a kwamfuta mana."

"Abin da ya kashe mana kasuwa shi zan kai wa zanen ubanki?"

"To a bar shi a kanta, asu ya ci. Ko ka fi son haka?"

Na ninke rigar na ajiye. Washegari ta dawo da kwamfutarta a jaka, ba ta sake tambayata ba. Muka fitar da rigar inuwa inda haske yake daidai, na ja gefe ta ja gefe, ta hau kan benci ta ɗauki hotuna. Daga nan ta zauna tana bin layin a fuskar kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo. A nan na fara gane ba danna maɓalli ba ne. Hoto ba ya ɗinkuwa. Sai mutum ya gaya wa injin inda allura za ta fara, inda za ta bi, inda za ta tsaya a yanke zare. Ita ma ba a koya mata wannan a makaranta ba. A waya take kallon yadda ake yi, ta gwada, ta goge, ta sake.

Gwajin farko a Kano muka yi, a wani shago da ke ba da hayar inji. Ƙafar da na ce ba za ta taka ba ta taka. Ina so ku ji abin da na gani a can, ku masu sha'awar aikin. Samari ne a tsaye tun safe, ƙarar inji da ta janareta ba ta barin a ji sallama. Aikinsu su ɗaure yadi a firam, su sa zare in ya tsinke, su cire su ɗaura wani. Na tambayi ɗaya sunan zanen da yake bugawa, ya ce lamba ce, bai san suna ba. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki ko allura ta ci yadi, shi ake tuhuma. In ya tafi yau, gobe an sa wani, don abin da ya iya ana koyonsa a mako. Bayansa ba ya ciwo kamar nawa, idonsa bai lalace kamar nawa ba, wannan gaskiya ne. Amma ba shi da abin da zai ɗauka ya tafi da shi. Mutum ɗaya ne a shagon ake lallaɓawa, wanda ke zaune a ɗaki yana shirya zanen.

Muka sa wani farin yadi mai araha. Da aka cire shi daga firam, aikin ya yi tauri kamar faranti, yadin kuma ya tattare a gefen tambari. Rabi ta dube ni.

"Baffa, faɗi. Na ga bakinka yana motsi."

"Zaren ya yi yawa. Kuma duk gefe guda ya kwanta."

"Da ina zai kwanta?"

Hannuna ya sani, bakina bai sani ba. Malam Ɗanjuma bai taɓa yi mana bayani ba, almakashi kawai yake miƙowa. Da muka dawo Wudil sai na ɗauki ƙyalle da allura na ce ta zauna ta kalla. Ina yi tana tsayar da ni. Me ya sa ka fara daga tsakiya? Don yadi ya riƙa gudu waje, kada ya taru. Me ya sa wannan askar ka kwantar da zarenta haka, ta kusa da ita ka juya? Don in haske ya bugi ɗaya, ɗayar ta yi duhu, a ga rabuwarsu. Wata tambayar sai na kwana ina tunani kafin in samo amsa. Ban taɓa wahala a sana'ar nan kamar ta waɗannan makonni ba, ina tsufa ina koyon faɗin abin da na yi shekaru ina yi. Ita kuma tana mayar da maganata lissafin da inji ke ji.

Gwaji na biyu ya fito lafiya. Laushi, sheƙi, bayan aikin ma ba laifi. Na sa tela ya haɗa shi riga don mu gani a jiki. Ranar Juma'a Alhaji Garba ya biyo ta shago jin labarin rigarsa, sai na ce ya taimaka ya gwada wannan, tunda da jikinsa aka yi zanen.

"Yau kuma ni ne ɗan tallan inji?" Ya dubi Rabi. "Ke ce kika lalata mana tsoho ko?"

"Shi ya kai kansa, Baba Alhaji. Har kuɗin mota shi ya biya."

Ya zura rigar, ya saɓa hannunta a kafaɗa yadda kowane mai babbar riga ke yi, ya taka zuwa ƙofa ya juyo. Sai na ga askokin sun kwanta. Tsininsu ya karkace ya nufi hammata, kamar dawa bayan iska. Shi ma ya sunkuya ya duba.

"Wannan ba hannun Sani ba ne. Nasa a tsaye suke."

Rabi ta ce ba ta canja komai ba, sai dai ta gyara inda layin ya ɗan kauce. Ta buɗe hoton asali ta ajiye kusa da nata. A na Yaya, kowace aska ta ɗan jingina zuwa wuya, ta can gefe ta fi jingina, kuma ta fi sauran gajarta. Ta ɗauka rawar hannu ce ta rashin lafiya, ta miƙar da su da kwamfuta, suka yi daidai kamar an auna. Ni ma da ta nuna mini a lokacin na ce ya yi.

Na ɗauko shaddar Alhaji, na ɗora masa a kafaɗa a hankali, na tattaro gefen na saɓa. Layukan tawadar nan da suka karkace a shimfiɗe, suna hawa kafaɗa suka miƙe tsaf.

Ashe ba don shimfiɗa yake zane ba. Don jikin mutum yake yi, da yadda hannun riga ke jan yadi in an saɓa. Shi ya sa yake sa mutum ya taka ya dawo. Na rufe waɗannan layuka da zare tun ina saurayi, ina zaune gwiwa da gwiwa da shi, ban taɓa lura ba. Shi kuma bai taɓa faɗa ba.

Can Rabi ta jawo kwamfutar ta ce, "Baba Alhaji, kada ka motsa." Ta ɗauki hotonsa a haka, gaba da gefe. Alhaji ya tsaya kamar soja, yana cewa a yi sauri kafin a tashi kasuwa.

Ta mayar da kowane layi yadda ubanta ya bar shi. Ta kuma koyi yadda za ta ƙara jinginar ko ta rage, gwargwadon faɗin kafaɗar mai riga. Gwaji na uku da Alhaji ya saɓa, ya dubi ƙirjinsa, ya ce, "To." A ranar na zare zare na soka allurar farko a shaddarsa. Da hannu na yi ta duka, daga tsakiya zuwa waje. Na gama ana sauran kwanaki kaɗan, aka kai wa mabuga, ya sa ta a ɗaurin auren ɗansa.

Injin da kuke gani ba sabo ba ne, mun saye shi bayan na sayar da rabona na gonar gado. Rabi ke shirya zane, ni nake duba yadi da zare da bayan aiki. Wanda ke son aikin hannu kuma zai iya jira, har yanzu ina yi. Duk yaron da zai zauna a shagon nan, sharaɗina biyu ne. Zai riƙe allura a kan ƙyalle har sai ya san dalilin da yadi ke tattarewa. Sannan zai zauna kusa da Rabi ya koyi shirya zane, ba ɗaura firam kaɗai ba. Ba na so in tara samarin da za a iya musanya su a mako. Kuma duk mai riga da ya zo, sai ya miƙe ya taka zuwa ƙofa ya dawo kafin a taɓa kwamfuta.

Akwai abu ɗaya da ban yi tsammani ba. Lokacin da muke gwaji a Kano, zanen ya zauna a cikin injin mutane. Daga nan wani ya kwafa a filash, ya ba wani, wani ya tura wa wani ta waya. Rabi ta fara gani a hotunan da masu shaguna ke tallatawa. Ranta ya ɓaci, ta ce laifinta ne da ba ta goge ba, ta ce mu je mu yi magana. Na ce da wa? Ya riga ya bazu. Yanzu tana kiyayewa, ba ta barin aikinmu a injin kowa. Wancan kuwa ya tafi, babu sunan Yaya a jikinsa, babu wanda zai ce mana an gode.

Kwanakin baya na shiga kasuwar Juma'a sayen zare. A wajen masu goro na hangi wani mutum, baƙo ne, da alama falken shanu. Yana sanye da shuɗiyar riga ta yadi mai araha, an buga mata aiki da zare mai ƙyalli irin wanda ba zan taɓa sa wa rigar mutum ba. Aska takwas ce. Ya sake hannayen rigar suna reto, askokin duk sun jingina zuwa wuya, ta can gefe ta fi gajarta.

Na bi shi na yi sallama. Muka gaisa, na tambayi hanya da iyali da kasuwa. Sannan na ce, "Malam, in ba za ka damu ba, bari in gyara maka riga."

Ya dube ni, ya dubi rigar, ya ce, "Wani abu ne ya taɓa ta?"

"A'a. Ba a haka ake sa ta ba."

Na tattaro hannun hagun na saɓa masa a kafaɗa, na daidaita wuyan, na ja baya. Askokin suka miƙe.

Ya ce ya gode, yana ɗan mamaki, ya juya ya shiga cikin mutane. Na tsaya a wurin har na daina hango shi, sannan na wuce wajen masu zare.